Toscanini da sandarsa: mene ne ainihin aikin jagoran makaɗa a gidan ofera?

Almajirin Kiɗa:

Assalamu alaikum malamai. Akwai wani tsohon bidiyo baƙi da fari na 1949 a YouTube, inda wani dattijo mai farin gashin baki, Arturo Toscanini, yake tsaye gaban taron makaɗa da mawaƙa ana yin Aida, wata ofera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa da kiɗa) ta Verdi, marubucin kiɗa ɗan Italiya. Ba ya busa, ba ya goge, sanda kawai yake kaɗawa, ko takarda babu a gabansa. Tambayata biyu ce. Ta farko, mene ne aikinsa, tunda kowane makaɗi da takardarsa a gabansa? A wajenmu mai waƙa ke bayarwa, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su bi, babu wanda ke tsaye yana nuna musu hanya da sanda. Ta biyu, me ya sa duk inda aka zo lissafin jagororin ofera na Italiya sunansa ke fara fitowa? Kuma da gaske ne yana ɗan shekara 19 ya jagoranci Aida da ka? Don Allah a yi mini dalla-dalla.

Mai Goge:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan ɗauki ta biyun, ta farkon akwai waɗanda suka fi ni saninta a zauren nan.

Labarin gaskiya ne, amma akan tsallake abin da ya sa ya yiwu. An haifi Toscanini a Farma, a Italiya, ranar 25 ga Maris 1867. Mahaifinsa tela ne wanda ya yi yaƙi a rundunar Garibaldi, jarumin yaƙin haɗa kan Italiya. Yana ɗan shekara tara aka sa shi makarantar kiɗa ta garin, ya koyi celo, wato babban gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ya gama a 1885. A 1886 wata ƙungiyar ofera da za ta yi rangadi a Birazil ta ɗauke shi aiki biyu: mai celo, kuma mataimakin malamin 'yan amshi. Wannan aiki na biyun shi ne sirrin. Wanda ke zaune a fiyano kullum yana biya wa mawaƙa karatu, dole ya san abin da kowace murya za ta faɗa da inda kowa zai ja numfashi. Ga shi kuma Allah ya yi masa kaifin hadda, ya haɗa masa da raunin gani: ba ya hango rubutu sai ya kawo takarda kusa da hancinsa, don haka tun yana yaro ya saba haddace komai.

A Rio, cikin watan Yuni, jagoran ƙungiyar, Leopoldo Miguez, ɗan ƙasar Birazil, ya saɓa da Italiyawan ya ajiye aiki. Mataimakinsa Carlo Superti ya fito, 'yan kallo suka kore shi da ihu. Malamin 'yan amshi ya gwada, shi ma bai sha ba. Da an fasa wasan, da kuɗin jirgin komawa gida ma ya gagari mawaƙan, sai suka ce a ba wa yaron nan mai celo sanda. Ya hau, ya kai Aida har ƙarshe da ka, kuma shi ya riƙe sauran rangadin.

Abin da ya biyo baya ya fi nuna halinsa. Da ya koma gida, ya jagoranci Edmea ta Catalani a Turin a ƙarshen shekarar, amma da ya ji Verdi zai fitar da Otello a La Scala, babban gidan ofera na Milan, sai ya nemi kujerar mai celo na biyu don kawai ya zauna a wajen bita ya ji tsohon yana gyara da bakinsa. Ranar 5 ga Fabrairu 1887 yana cikin makaɗan. Daga nan ya shekara goma yana yawon gidajen wasa na Italiya, manya da ƙanana. A hannunsa aka fara jin Pagliacci a Milan a 1892, da La bohème a Turin ranar 1 ga Fabrairu 1896.

La Scala ta ba shi ragama a 1898, yana da shekara 31, kuma a nan ne sunan ya kafu. A wancan zamani gidan ofera dandalin hira ne na masu kuɗi. Fitilu na kunne ana wasa, ana shiga ana fita, mawaƙin da ya yi suna yakan tsallake abin da bai so, ya ƙara abin da zai jawo masa tafi. Toscanini ya sa aka riƙa kashe fitilun zaure, aka hana mata zama da manyan huluna masu tare wa na baya gani, aka sauya labule zuwa mai buɗewa gefe da gefe, a 1907 kuma aka tona wa makaɗa rami, don a da suna zaune daidai da 'yan kallon ƙasa. Wanda ya fi jawo faɗa shi ne hana maimaici. In waƙa ta yi wa mutane daɗi sukan yi ta ihun "bis", wato a sake, labari ya tsaya cak. A 1903, ana cikin Un ballo in maschera, jama'a suka nace sai mawaƙi Giovanni Zenatello ya maimaita, Toscanini ya ƙi, ya fice daga gidan, bai koma ba sai 1906.

Sauran a taƙaice: gidan Metropolitan na New York daga 1908 zuwa 1915, inda ya fara gabatar da La fanciulla del West tare da shahararren mawaƙi Caruso a 1910, sai La Scala kuma daga 1921 zuwa 1929. Daga nan ya fi karkata ga kiɗan da babu wasa a ciki.

Uwar 'Yan Amshi:

Malam Mai Goge ya share hanya. Ƙanena, abin da ka gani a bidiyo ƙarshen aiki ne, kamar ka tarar da tuwo a akushi ba ka ga surfe da niƙa ba.

Fara da yawan mutane. A oferar Verdi ramin makaɗa kan ɗauki mutum 60 zuwa 80. Abin da aka saba: ƙananan goge na farko kamar 14, na biyu 12, matsakaita 10, celo 8, manyan na tsaye 6, sai kayan busa na itace bibbiyu, ƙaho 4, bigila 2, kayan busa na tagulla masu zurarawa 3, ganguna da sauransu. A kan dandamali ga manyan mawaƙa, ga 'yan amshi da kan kai 80 ko fiye. Aida ta ƙara da wasu dogayen bigiloli 6 masu siffar kakaki a fitowar nasara, uku a wani sauti uku a wani, ga kuma ƙungiyar busa daban. Takardar da ke gaban kowane makaɗi layinsa ne kaɗai. Mai bigila zai iya yin shiru na gaɓa 70 yana ƙirge (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa mai ƙayyadadden adadin bugu). Jagora ne kaɗai ke riƙe da kundin da ya tara layin kowa.

Dalilin da ya sa kunne kaɗai ba ya isa, lissafi ne. Sauti yana cin mita 343 a sakan. Mawaƙin da ke mita 20 daga rami, kiɗa na isa gare shi bayan kusan 0.06 na sakan. In ya jira ya ji kafin ya buɗe baki, muryarsa za ta sake cin wannan lokacin kafin ta iso gaba, ya zama 0.12. A kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, ke nan ya makara da kusan rubu'in bugu. Makaɗa su ji ya makara su ɗan rage, shi ma ya ƙara jinkiri, kafin ka ankara waƙa ta zama jan ƙafa. Makaɗanmu na gida suna tsaye kafaɗa da kafaɗa ne, shi ya sa ba su da wannan damuwa. A ofera dokar farko ga ɗan amshi ita ce ya bi ido, kada ya bi kunne.

Hannun dama ke riƙe lokaci. Gaɓa mai bugu huɗu: ƙasa, hagu, dama, sama. Mai uku: ƙasa, dama, sama. Mai biyu: ƙasa, sama. Amma mafi muhimmanci shi ne ɗagawar da ke zuwa kafin a fara. A cikin wannan ɗagawa guda kowa ke karanta saurin da za a yi da ƙarfin da ake so, a cikinta mawaƙi da mai busa ke jan numfashi. In ya ɗaga da sauri ya sauke a hankali, rabi su shiga rabi su jira. Hannun hagu na ba da shiga, da rage ƙara. Kalli bidiyon da kyau, za ka ga Toscanini na kai yatsa leɓe in makaɗa za su danne murya, ya dafa ƙirji in yana son goge ya yi waƙa.

Bita kuwa hawa-hawa ce, sabon shiri kan ci mako huɗu zuwa shida. Ana farawa a ɗaki da fiyano, mawaƙi ɗaya-ɗaya sannan a haɗa su. A nan ake yanke inda za a yi numfashi, da tsawon riƙon wasali, da kalmar da za a danna. A lokaci guda 'yan amshi na can da malaminsu, makaɗa kuma na karatun farko su kaɗai, ana rubuta musu da fensir inda sandar goge za ta hau da inda za ta sauka, don hannun mutum 14 ya tafi tare. Sai bitar tsayuwa da tafiya a dandamali, har yanzu da fiyano. Sai wadda suke kira prova all'italiana: mawaƙa na zaune a kujeru, babu ado babu wasa, su haɗu da makaɗa karo na farko. Bayanta a haɗa komai kashi-kashi, a yi gwaji da kaya da fitilu, a ƙare da babban gwaji wanda ba a tsayawa.

Da yawa daga jagororin yanzu suna barin matakin farko ga mataimaka. Toscanini da kansa yake zama a fiyano. Misalin da aka fi sani shi ne mawaƙi Mariano Stabile, wanda ya sha dogon horo a kan Falstaff kafin a buɗe La Scala da ita ranar 26 ga Disamba 1921, daga nan ya shekara da shekaru yana yin wannan rawa. A ganina girman mutumin a wannan ɗaki yake.

Wuraren da abu kan lalace sanannu ne. Akwai alamar tsayawa, inda mawaƙi ke riƙe dogon sauti: jagora na kallon ƙirjinsa da bakinsa don ya gane lokacin da iska za ta ƙare, ya ɗaga hannu kafin nan. In ya makara, makaɗa su faɗa cikin shiru. Akwai danne murya, musamman in mawaƙiya ta sauko tsakiyar muryarta daidai lokacin da masu busa tagulla ke aiki. Maganinsa a wajen bita ne, a sauke musu ƙarfin da aka rubuta da mataki guda. Akwai kiɗan bayan fage. Kafin zuwan talabijin, wani mataimaki ne ke leƙen jagora ta ƙaramar huda a jikin labulen ado, yana kaɗa wa na baya hannu, kuma dole ya riga jagoran da ɗan kaɗan saboda tazarar da na faɗa. Sai mawaƙin da ya tsallake gaɓa. A nan akwai mai tuni, wanda ke zaune cikin wani ɗan akwati a bakin dandamali yana jefa kalmar farko ta kowane layi, jagora kuma ya yanke cikin ƙiftawar ido ko zai ja makaɗa su tsallaka su tarar da shi.

Tsohon Faifai:

Hajiya ta gama magana a kan aiki. Ina so in gyara wani abu da za ka ci karo da shi in ka shiga karatu, wato cewa Toscanini sauri kawai ya sani, kuma abin da aka rubuta yake bi ba ƙari ba ragi.

Wannan hukunci daga faifan tsufansa aka ɗauko shi. Babu cikakkiyar ofera ko ɗaya da aka naɗa daga shekarunsa na La Scala ko Metropolitan. Abin da muke da shi mafi yawa na gidan rediyon NBC ne, wanda ya kafa masa ƙungiyar makaɗa a 1937 yana ɗan shekara 70: La bohème da La traviata a 1946, Otello a 1947, Aida a 1949, Falstaff a 1950, Un ballo in maschera a 1954. In ban da ta ƙarshen, a ɗakin 8H aka yi su, ɗakin da aka gina don rediyo, wanda ke shanye amo nan take. A irin wannan ɗaki sauti ba ya daɗewa a iska, in ka ja kiɗa sai ka ji ramuka a tsakani, ga agogon rediyo na jira, ga mawaƙa tsaye gaban makirufo babu tafiya babu wasa. La traviata ɗin ta yi gudu, wannan babu musu, har naɗin babban gwajinta da ya fito daga baya ya fi ta natsuwa. Amma mutumin nan ne ya yi Parsifal a gidan ofera na Bayreuth, a Jamus, a 1931 cikin awa 4 da minti 48, wanda ake lissafawa mafi jinkiri a tarihin gidan. In kana son jin sa a ainihin dandamali, nemi naɗin bikin kiɗa na Salzburg, a Ostiriya, na 1937, Falstaff da Die Meistersinger. Sautin ya tsufa, amma za ka ji yadda yake ba mawaƙi fili.

Batun bin rubutu kuma, ga abin da ya faru a 1898. Zai gabatar da Te Deum ta Verdi a Turin, sai ya je Genoa ya kaɗa wa tsohon ita a fiyano. A wani wuri ya ɗan sassauta gudu, alhali ba a rubuta haka ba. Verdi ya yaba, ya nuna masa cewa da ya rubuta, da marar gwaninta ya wuce gona da iri, mai kunne kuwa zai ji da kansa. Abin da Toscanini ya yaƙa shi ne al'adar da ta taru a kan waƙoƙi kamar tsatsa: riƙe sautin sama har labari ya mutu, yanke baiti, sauya ƙarshe don neman tafi.

Ba zan ɓoye laifinsa ba. Zafin ransa a wajen bita ya wuce kima, yana zagi, yana karya sanda, akwai naɗin da za ka ji shi yana ihu kamar zai fasa ɗaki. A yau babu ƙungiyar makaɗa da za ta lamunci haka, kuma suna da gaskiya.

Almajirin Kiɗa:

Allah ya saka da alheri, kai ya waye. Saura biyu ƙanana. Na ga an ce ya tsayar da wata ofera a tsakiya ya juyo ya yi wa mutane magana, kuma an taɓa marin sa a Italiya. Sannan wane wuri guda zan saurara in ji aikin jagora da kunnena?

Mai Goge:

Turandot ce. Marubucinta Puccini ya rasu a Nuwamba 1924 bai ƙarasa ta ba, aka ba Franco Alfano ya kammala daga 'yan rubuce-rubucen da ya bari, Toscanini kuma ya sa aka rage fiye da gaɓa 100 daga abin da Alfano ya rubuta. Daren farko, 25 ga Afrilu 1926, da aka kai mutuwar Liù, wata baiwa a labarin, a kashi na uku, ya ajiye sanda, ya juyo ya shaida wa jama'a cewa a nan marubucin ya tsaya, aka rufe labule. Sai a wasa na gaba aka ji ƙarshen Alfano.

Marin kuwa na siyasa ne, kuma farkon labarin ba abin alfahari ba ne gare shi. A 1919 sunansa na cikin 'yan takarar Fasistawa, mutanen Musolini, a Milan, suka sha kaye. Da ya ga inda tafiyar ta nufa ya juya musu baya, ya ƙi kaɗa taken jam'iyyar, Giovinezza, kafin wasa. Ranar 14 ga Mayu 1931 a Bologna, zai jagoranci taron tunawa da marubucin kiɗa Giuseppe Martucci, ya sake ƙi, 'yan bangar jam'iyya suka tare shi a ƙofar gidan wasa suka buge shi a fuska. Yana da shekara 64. Bai sake jagoranci a Italiya ba sai bayan yaƙi. Ya bar Bayreuth a 1933 da Hitila ya hau mulki, ya bar Salzburg a 1938. Bama-bamai sun rusa La Scala a 1943, da aka sake gina ta shi ya buɗe ta ranar 11 ga Mayu 1946, kuma cikin mawaƙan daren akwai wata matashiya, Renata Tebaldi.

Ranar 4 ga Afrilu 1954 a zauren Carnegie Hall na New York, ana kiɗan Tannhäuser kai tsaye a rediyo, haddar nan ta ɗauke masa na ɗan lokaci, hannunsa ya tsaya, sannan ya dawo. Bai sake fitowa gaban jama'a ba. A watan Yuni ya koma ɗakin naɗi ya gyara wasu wurare na Un ballo in maschera da Aida. Ya rasu a New York ranar 16 ga Janairu 1957, aka kai gawarsa Milan. Hanyar aikinsa ta bi ta hannun mataimakinsa Antonino Votto, wanda ya koyar da Riccardo Muti, jagoran La Scala daga 1986 zuwa 2005.

Uwar 'Yan Amshi:

Wurin saurare, ƙanena, ɗauki Falstaff ta 1950, kashi na ɗaya fitowa ta biyu, wajen ƙarshe, inda murya tara ke tafiya tare. Mata huɗu suna gefe guda suna ƙulla nasu makircin, maza suna ɗaya gefen suna ƙulla nasu, kuma Verdi ya rubuta musu awo daban-daban. Jagora bugu biyu kawai yake yi a gaɓa, ƙasa da sama, amma mata na raba kowane bugu gida uku, maza na raba shi gida huɗu, muryar Fenton, saurayin labarin, kuma na shawagi a samansu da dogon layi. Abin da kan ɓaci shi ne maza su ji 'yan huɗunsu sun yi yawa su ruga, mata su ji su a kunne su biyo, a rasa inda bugun yake. A bita akan raba su ne, kowane ɓangare ya yi nasa har ya zauna, a haɗa su a rabin gudu, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma a dandamali a tsayar da su inda kowa ke hango sanda.

Ka saurara sau uku. Na farko bi mata kawai kana tafa uku-uku a cinya. Na biyu bi maza kana tafa huɗu-huɗu. Na uku bar su duka, ka nemi bugu biyun da ke ƙarƙashi, za ka ji kowace gaɓa ɓangarorin biyu suna sauka wuri ɗaya, kuma kalmomin kowa na fita tas.